Kwamfutar tebur ta ƙi tashi: a wane mataki ta tsaya?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran kwamfuta a Kano, a titin Beirut ne ko a Farm Centre ko cikin Sabon Gari, ya san maganar da masu kawo gyara suka fi yi da zarar sun sauke akwatin daga adaidaita sahu: "Injiniya, ta ƙi tashi." Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya ɗaukar sukudireba a kan wannan magana, domin ba ta gaya masa komai ba tukuna. Mutumin da ya danna maɓalli bai ji ko motsin fanka ba, abin da zai faɗa ke nan. Wanda fankarsa ke juyawa amma allo ya tsaya baƙi ƙirin, shi ma haka zai ce, haka kuma wanda ya ga tambarin Dell ko HP ya bayyana sannan wani farin rubutun Turanci ya biyo baya ya tsaya cak. Cututtuka ne mabambanta da aka laƙaba wa suna ɗaya, wani maganinsa fis ɗin fulogi, wani kuwa sai sabuwar kwamfuta. Tambayar da take raba gardama ita ce, a wane mataki tashin ya tsaya?

Tashin kwamfuta abu ne mai matakai, kowanne yana jiran na gabansa ya kammala. Akwatin da mutane ke kira si-fi-yu yana ɗauke da wani ƙaramin akwatin ƙarfe a bayansa, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango mai ƙarfin bolt 230 ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3, waɗanda su ne kayan ciki ke iya sha. Tun kafin a taɓa maɓalli, muddin fulogi na jikin soket, fawa-fak yana tura 'yar ƙaramar wuta ta bolt 5 zuwa madabod, wato babban faifan da komai ke haɗe a jikinsa, domin ya zauna cikin shiri. Idan aka danna maɓalli, madabod ne ke ba fawa-fak umarnin ya saki sauran wutar, shi kuma idan wutar ta daidaita, cikin abin da bai wuce rabin daƙiƙa ba, sai ya mayar da saƙo cewa lafiya lau. Sai a lokacin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, ke farkawa ya karanta wata ƙaramar manhaja da ke ajiye a jikin madabod mai suna BIOS, wadda a kwamfutocin zamani ake kira UEFI. Ita ce ke bin kayan ciki tana dubawa, ta tabbatar akwai ram, wato siririn faifan da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai na ɗan lokaci, ta kunna ɓangaren hoto, ta fito da tambarin kamfani a allo, sannan ta nemi ma'ajiyar da Windows ke ciki ta miƙa mata ragama. Wannan tsari na fawa-fak da madabod, mai suna ATX, kamfanin Intel ne ya fitar da shi a 1995.

Wanda ya riƙe wannan jeri a kansa ya rage wa kansa wahala, domin duk abin da kwamfutar ta iya yi kafin ta tsaya shaida ce cewa matakan baya sun wuce lafiya. Idan tambari ya fito a allo, babu dalilin zargin fis ko maɓalli. Idan kuwa ko fanka ba ta motsa ba, to wanda ya ce Windows ce ta lalace, ko dai bai sani ba ne, ko kuwa kuɗin sake ɗora ta yake hange. A minti na farko ido da kunne da hanci ake buƙata, a ga ko fitilar maɓalli ta kama da launin da ta nuna, a ji ko fanka ta juya, a shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna, sannan a tuna abin da ya faru a ƙarshe, ko an ɗauke wuta tana tsaka da aiki, ko an yi tsawa da daddare, ko an matsar da tebur lokacin shara. Ƙa'idar da nake ganin ta fi duk kayan aiki amfani ita ce a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, domin wanda ya cire ram da batir da wayoyi a lokaci guda, ko kwamfutar ta tashi bai san abin da ya tashe ta ba.

Mu fara da wadda ta yi shiru gaba ɗaya, ba fitila ba fanka. A garin nan wutar da ke shigarta ake fara tuhuma, kuma tafiya ce mai tsawo daga bango zuwa bayan akwati. Akwai soket, akwai ekistenshin wanda galibi shi ne abu mafi arha da aka saya a ofishin amma shi aka ɗora wa kwamfuta da firinta da fankar tsaye da cajar kowa da kowa, akwai sitabilaiza ko UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, sannan wayar wutar kanta. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi yana da fis a cikinsa, kuma fis ɗin kan ƙone ba tare da wata alama a waje ba. A zare wayar daga duk waɗannan 'yan tsakiya a sa ta kai tsaye a soket ɗin da aka tabbatar yana aiki, a kuma ari wayar wutar allo a gwada, tunda sau da yawa bakinsu iri ɗaya ne. A leƙa baya a ga ko ɗan makunnin da ke jikin fawa-fak yana kan 1, domin yara da masu shara sukan taɓa shi. Bayan haka a cire fulogi, a danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ke maƙale a ciki ta zube, a mayar a gwada. Dabarar tana kama da camfi, amma tana da dalili: idan wuta ta yi tsalle, fawa-fak kan kulle kansa don kariya, kuma ba ya saki sai an yanke masa wuta gaba ɗaya.

Ganin ƙwan fitila a kunne bai tabbatar da cewa wutar ta isa ba. Ƙwan zamani yana kamawa da wutar da ta faɗi ƙasa sosai, alhali tsohon fawa-fak da aka saita a 230 yakan gaza idan ta sauka ƙasa da kimanin 180. Shi ya sa ake samun kwamfutar da ke tashi da asuba lafiya amma ta ƙi da yamma, lokacin da unguwa duka ta kunna kayan sanyi a bazara. Ƙaramin janareta da aka yi wa lodi fiye da ƙima haka yake yi. UPS ma yana da tasa yaudarar, domin batirinsa na iya mutuwa, zafi kuma na gaggauta mutuwar, sai ya ci gaba da nuna koriyar fitila amma da zarar an ɗora masa nauyi ya yi ƙara ya ɗauke.

Akwai wani ɗan abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Kwamfutocin tebur da yawa da ke ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu na Kano na hannu ne, an yi aiki da su a Turai ko Amurka kafin a kwaso su. A Amurka wutar gida bolt 120 ce, tamu 230, kuma tsofaffin fawa-fak suna da wani ɗan jan makunni a baya, kusa da inda ake soka waya, mai rubutun 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗayan. Na taɓa kasancewa a wani ofishi ranar da aka kawo kwamfutoci na kyauta daga waje. Matashin da aka sa ya haɗa su ya jona ta farko, sai muka ji tas kamar fashewar ƙwan fitila, wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan baya, ƙauri ya cika ɗakin. Ya riga ya miƙa hannu zai jona ta biyu, wai ko ta farkon ce ta zo a lalace, sai wani dattijo mai aikin wayarin da ke wurin ya ce, "Tsaya, samari, juyo min bayanta." Da farcen babban yatsa ya nuna masa jan makunnin yana kan 115, kuma da aka duba sauran duka haka suke. Fawa-fak na zamani da yawa ba su da wannan makunni, suna karɓar daga 100 zuwa 240 da kansu, kuma a rubuce yake a takardar da ke manne a gefensu.

Idan an tabbatar wuta na isa bayan akwati kuma har yanzu shiru, babban wanda ake tuhuma fawa-fak ne, domin shi ne mai gadin ƙofa, duk dukan da wutar gari ta kawo a jikinsa yake sauka. Wasu kwamfutocin Dell OptiPlex sun sauƙaƙa abin, akwai ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayan fawa-fak ɗinsu, idan aka danna fitilar ta kama kuma fanka ta juya, to yana da rai. Ga sauran, masu gyara suna yin gwaji da ɗan guntun waya ko kilif ɗin takarda. Ana cire fulogi, a zare babbar haɗakar wayoyi mai ramuka 24 daga madabod, ko 20 a tsofaffi, a nemi koriyar waya, wadda ita kaɗai ce mai wannan launi a cikinsu, a haɗa raminta da na kowace baƙar waya, sannan a mayar da fulogi. An kwaikwayi umarnin da madabod ke bayarwa ke nan. Idan fankar fawa-fak ba ta motsa ba ya mutu, in ban da wasu na zamani masu tsada da fankarsu ba ta juyawa sai sun ɗauki zafi. Idan ta juya, hakan bai wanke shi sarai ba, domin yana iya juya fanka ya kasa ɗaukar nauyin kwamfuta. Sai a sa mita a auna: rawayar waya ta ba da 12, ja ta ba da 5, mai ruwan lemo ta ba da 3.3, kuma kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa kawai aka lamunce, wato rawaya kada ta gaza 11.4 kada ta wuce 12.6. Sai dai HP da Dell na ofis da yawa na baya-bayan nan suna da nasu fawa-fak na daban mai ramuka shida ko takwas, launukan wayoyinsu ba sa bin wannan tsari, don haka gwajin kilif bai shafe su ba, a can sai dai a aro lafiyayye irinsa a jona. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne buɗe cikin fawa-fak, domin akwai babban kwandansa a ciki da ke riƙe wuta sama da bolt 300, kuma yana iya riƙe ta ko bayan an cire fulogi.

Maɓallin gaba shi ma yana mutuwa. Siraran wayoyinsa biyu suna zuwa kan wasu allurai biyu a gefen madabod, idan aka zare su aka ɗan taɓa alluran tare da bakin sukudireba kwamfutar ta tashi, to an kama ɓarawo. Wata alamar kuma ita ce fanka ta yi ɗan juyi guda ta tsaya. Yawanci hakan na nufin akwai inda wuta ke haɗuwa, fawa-fak ya ji ya janye, wato dai da muguwar rawa gara ƙin tashi. A shagunan buga takardu na bakin jami'a, inda ɗalibai ke soka filash ba adadi, ramin USB na gaba yakan karye 'yan ƙarafunan cikinsa su manne da juna, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana kwamfuta tashi. Kusar da ta faɗa ƙarƙashin madabod tana yin haka, kyankyaso ko tsaka da suka shiga neman ɗumi suna yi, had-dis, wato ma'ajiyar da Windows da fayiloli ke ciki, idan ya ƙone shi ma yana yi. Sai a rage kaya, a cire firinta da filash da wayar USB ta gaba da had-dis, a bar madabod da furosesa da fankarsa da ram guda ɗaya. Idan ta tashi a haka, a riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya, ana cire fulogi kowane karo, har a kai ga wanda da zarar ya shiga ta sake mutuwa.

Yanayin da ya fi cika shagunan gyara shi ne fitila ta kama, fanka na juyawa, amma allo baƙi. Kafin a kwance kusa ko ɗaya a duba allon kansa, ko yana kunne, ko shuɗiyar wayar VGA ta saki, ko ɗaya daga alluranta ya lanƙwashe. Idan kwamfutar na da katin hoto na daban, wanda bakinsa ke can ƙasa, a nan ake jona wayar, kuma jona ta a jikin madabod kuskure ne da masu sauya wa kwamfuta wuri ke yawan yi. Akwai ɗan gwaji da kibod: a jira minti ɗaya a danna Caps Lock, idan fitilarsa na kamawa tana mutuwa, alama ce kwamfutar a farke take, matsalar tana tsakanin katin hoto da waya da allo.

Idan ba haka ba, ram ake fara nufa, kuma a Kano dalilin a fili yake. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi kamar garin fulawa, fankokin kwamfuta kuma aikinsu ke nan su zuƙo iska su tura ta ciki. Ƙurar na kwanciya a ramin ram, damina ta zo da danshi ta mayar da ita dauɗa a kan 'yan haƙoran nan masu ruwan zinare da ke ɗaukar saƙo. Ram irin DDR3 yana da haƙora 240, irin DDR4 yana da 288, kuma kaɗan daga cikinsu su kasa taɓawa ya isa ya tsayar da komai. Na ga wani mai gyara ya yi wannan aiki a gaban wani Alhaji da ya riga ya yanke shawarar sayen sabuwa, saboda an gaya masa wai bod, wato madabod, ya ƙone. Ya cire fulogi, ya kwantar da akwatin, ya dafa ƙarfen jikinsa da tafin hannu, sannan ya tura 'yan maƙallan gefe biyu, ram ya ɗago. Ya riƙe shi ta gefe-gefe, ya ɗauko kilina irin ta 'yan firamare ya goge haƙoran gaba da baya har suka yi ƙyalli, ya kakkaɓe da busasshen buroshi, ya hura ramin da bulowa, ya daidaita tsagar ram da tudun da ke cikin ramin, ya danna da manyan yatsu biyu har maƙallan suka ce ƙas da kansu. Da tambari ya fito, Alhajin ya ce, "Shi ke nan, Malam?" Ya ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe, ƙura ce." Dafa ƙarfen nan da ya yi yana da muhimmanci. A busasshiyar iskar hunturu jikin mutum na tara irin wutar nan da ke tartsatsi a bargo da daddare ko ta ja mutum a hannun ƙofar mota, kuma wadda mutum bai ma ji ba ta isa ta kashe ram. Idan ram biyu ne a ciki, a gwada kowanne shi kaɗai a kowane rami, domin wani lokaci ramin ne ya mutu.

A wannan mataki kwamfutar kan yi ƙoƙarin faɗin ciwonta ta hanyar ƙara ko ƙiftawar fitila, sai dai kowane kamfani da yarensa. A tsofaffin HP na ofis irin su Compaq Elite 8200 da 8300, jar ƙiftawa da ƙara sau huɗu na nufin wuta, sau biyar ram, sau shida ɓangaren hoto. Masu gyara na cin gajiyar wannan da wata dabara, su cire ram gaba ɗaya su kunna. Idan kwamfutar ta yi kuka albishir ne, domin madabod da furosesa suna raye har sun lura babu ram. Idan ta yi shiru, alhali tana da 'yar lasifikar ciki, zargi ya koma kan bod, ko kan ƙaramar wayar nan mai ramuka huɗu ko takwas da ke kai wa furosesa wuta, wadda ake yawan manta mayarwa bayan an share ciki.

Sai batirin madabod, wani ɗan fari mai faɗi kamar kwabo, mai lamba CR2032, bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitunan BIOS lokacin da babu wuta, saboda haka a inda ake zare fulogi duk yamma ko wuta ke jimawa ba ta zo ba ya fi saurin ƙarewa. Alamarsa ita ce kwanan wata ya koma shekarun baya duk safiya, kwamfutar ta nemi a danna F1, shafukan intanet su ƙi buɗewa. A wasu bod ɗin, idan ya yi rauni ƙwarai, allo ma ba ya kawowa. Cire shi na 'yan mintuna, fulogi a zare, yana mayar da BIOS yadda ta fito daga kamfani, kuma hakan kan warware saitin da ya cuɗe. Amma abin yana da wutsiya, domin saitin da ke faɗin yadda za a yi magana da had-dis shi ma yana iya sauyawa, sai Windows ta fito da shuɗin allo har sai an shiga BIOS an mayar da shi yadda yake, yawanci AHCI.

Wadda ke tashi ta yi 'yan mintuna ta mutu, fankarta na ruri kamar injin markaɗe, zafi ne ke damunta. Furosesa yana rage gudu sannan ya kashe kansa idan ya doshi digiri 100, kuma a watan Afrilu da ɗakin kansa ke neman 40 ba ya buƙatar dogon taimako. A cire bargon ƙurar da ya toshe tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya, a goge busasshen man da ke kan furosesa a sa sabo kamar ƙwayar wake. Tunda akwatin na buɗe, a duba 'yan kwandansan da ke tsaye a madabod kamar ƙananan gwangwanaye. Wanda kansa ya kumbura ko ya zubo da wani abu mai ruwan ƙasa ya gama aiki, kuma mai gyaran da ya iya aiki da dalma yana canza shi.

Idan tambari ya fito, an tsallake yawancin abin tsoro na ɓangaren ƙarfe, amma an shigo inda ake yin asarar da ba ta mayuwa. Rubutun da ke cewa ba a sami abin da za a tashi da shi ba yana nufin BIOS ta nemi Windows ba ta gan ta ba. A fara zare duk filash, domin sau da yawa wanda aka manta a baya ne kwamfutar ke ƙoƙarin tashi da shi. Sannan a shiga BIOS, F2 a Dell, F10 a HP, Delete a yawancin waɗanda aka haɗa a shago, a duba ko sunan had-dis ya bayyana. Idan bai bayyana ba a kashe, a sake danna wayoyinsa biyu, ta wuta da ta saƙo. A kuma kasa kunne: lafiyayyen had-dis yana juya faifansa sau 5400 ko 7200 a minti da ƙara mai laushi, wanda kuwa ke yin ƙas-ƙas-ƙas yana tsayawa yana sakewa, allurarsa ce ke neman hanya ba ta samu ba. Irin wannan kashe shi ake yi nan take, domin kowane kunnawa na iya ƙara karce faifan da bayanai ke kai. SSD, wato ma'ajiyar zamani da ba ta da faifai mai juyawa, ba ya juyi, saboda haka ba ya gargaɗi da ƙara, ɓacewa kawai yake yi daga jerin.

Idan had-dis ya bayyana amma Windows ta tsaya tana juya ɗigo-ɗigo, ko ta fito da shuɗin allo ta sake farawa, galibi matsalar ta manhaja ce, kuma a wurinmu sanadin da ake yawan gani shi ne ɗauke wuta tana tsaka da sabunta kanta. Wani lokaci daga nesa abin ke zuwa: ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a faɗin duniya, bisa ƙiyasin Microsoft, kuma maganin bai wuce shiga ta yanayin kariya na Windows, wato Safe Mode, a goge fayil ɗaya ba. Windows 10 da 11 suna buɗe shafin gyaran kansu idan tashi ya gaza sau biyu ko uku a jere, kuma daga can ana iya gyara tashi, ko cire sabuntawar ƙarshe, ko komawa wani lokaci na baya, ba tare da an taɓa fayilolin mutum ba. A nan ne nake da saɓani da masu gyaran da kalmar "sai an yi mata fomatin" ta fi kusa da bakinsu. Fomatin, wato goge had-dis a sake ɗora Windows, yana da sauri, kuɗinsa sananne ne, kwamfutar kuma kan tashi, amma garin neman gira ake rasa ido. Kundin digirin ɗalibi da lissafin shago na shekaru da sakamakon jarrabawar makaranta duk sun tafi, alhali kwamfutar da ta ƙi tashi sau da yawa bayananta na nan daram a had-dis.

Ana iya cire had-dis ɗin a sa shi a gidan USB a jona a wata kwamfutar a kwashe komai, ko a tashi kwamfutar da Linux, wata manhaja mai aiki irin na Windows, daga filash a kwafe fayilolin ba tare da an ɗora komai ba. Abin da kan hana hakan shi ne makullin BitLocker, wanda ke rufe bayanai a kwamfutocin ofis da sababbin Windows 11 da yawa. Taɓa saitin BIOS ko canza madabod na iya sa ya nemi mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda galibi yake ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar ko a wurin mai kula da kwamfutocin ma'aikata, don haka a nemo shi tun kafin a cire batir. Idan kuma bincike ya ƙare a kan madabod, har ya zama dole kwamfutar ta kwana a shago, gyaran wuta da na bod ba ya buƙatar had-dis. Abin da ke riƙe had-dis kusoshi huɗu ne ko maƙalli ɗaya, da wayoyi biyu. A cire shi a naɗe a takarda a tafi da shi gida, mai gyara ya gwada da nasa.